Kiɗan Gogen da Ya Ɗauki Sunan Uwata

Daga Wusasa zuwa Abuja

Tun kafin ladanin masallacin bakin titi ya yi kiran farko na kulle ƙofata a Wusasa, na miƙa wa maƙwabciyata makulli, na roƙe ta kada ta bar kajina da ƙishirwa. Matan zumunta, ku da kuka rako ni tasha kuna guɗa, kuna cewa Malama Saratu za ta Amurka cin daɗi wajen 'yarta, yau zan gaya muku abin da na ɓoye muku ran nan. Tsoro ne ya tashe ni daga gida, kuma da shi na shiga mota.

Kun san 'yata Uwani, wadda take aikin nas a can. Abin da yawancinku ba ku sani ba shi ne Uwani ba sunanta na yanka ba ne. A makon da na haife ta uwata ta rasu, dangi suka ce a mayar da suna, aka mayar. Ni kuwa ba ni kiran sunan uwata, ba ni kiran na 'yar fari, sai ya zama a gidanmu sunan nan yana takarda kawai. Akwai kuma wani dalili bayan kunya. Uwata 'yar bori ce a ƙauyenmu, kafin mu shiga addini. Ina yarinya na sha ganin mai goge ya ja takenta, ya kira sunanta, idonta ya juye, ta faɗi ƙasa, ta tashi da muryar da ba tata ba. Masu bori goɗiya suke kiran macen da iska ke hawa. Ranar da aka binne ta, da kunnena na ji wata tsohuwa tana cewa goɗiya ta tafi, amma mai ita zai jira jaririyar ta isa hawa.

To, ana nan sai na lura in muna waya da Uwani tana yawan gunjin wani kiɗa a maƙogwaro, in ta kai ƙarshe ta ƙwanƙwasa tebur sau uku. Na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce ai wani tsoho ne da take jinya, Bature ɗan ƙasar Ayalan, mai goge, har ma ya sa wa wani kiɗa sunanta. Na ce wane sunan? Ta ce na takarda mana, shi ake kiranta da shi a wurin aiki. Ban san lokacin da wayar ta suɓuce mini ba. Bizar da ta daɗe tana roƙona in yi amfani da ita tana cikin akwati, a makon na ce ta yanko mini tikiti. Niyyata ɗaya ce, in je a cire sunan daga kan gogen nan, in an ƙi in taso 'yata mu dawo gida.

Motar Kaduna ta cika da wuri. A kowane shinge direba sai ya sauke gilashi ya gaisa da soja, a leƙa mu, a ce mu wuce. Fasinjoji kowa idonsa na kan daji, ana ta labarin masu garkuwa da mutane, ni kuwa ko a jikina, abin da nake tsoro ba ya tsayawa a daji. A Rigasa na shiga jirgin ƙasa, na sauka Abuja da rana, na kwana gidan 'yar ƙanwata. Ta dafa mini shinkafa da miyar kaza, na taɓa kaɗan na ture, ta ce ɗokin jirgi ne ya cika mini ciki. Na bar ta a haka.

Filin jirgin Dulles da Sterling

Jirgin sama ba zan ce muku komai a kansa ba, don idona a rufe na yi yawancin tafiyar. Mun sauka wani gari a Turai, aka sake mana jirgi, na sayi ruwan gora a kuɗin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A Dulles jami'in shige da fice ya duba fasfo, ya dube ni, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce ziyarar 'yata. Ya ce ko na zo da nama ko iri. Na nuna masa kuka da daddawa, ya shinshina daddawar ya ja da baya, ya kira wani, suka yi shawara, suka bar mini abina.

Uwani tana wajen aiki, don haka ta turo wani direba da ta sani, Malam Isuhu, mutumin Maraɗi. Tun daga nesa ya ɗago hannu yana cewa sannu da tahiya Hajiya. Ban gyara masa ba, gajiya ba ta bar ni ba. Ya ce sai mun biya ta gidansu a Sterling, nan kusa da filin jirgin, zai yi sallar La'asar, kuma matarsa ba za ta yafe masa ba in ya wuce da baƙuwa ba ta sha hura ba. Muka bi ta tsakanin wasu manyan gine-gine marasa taga, ya ce na'urorin ajiyar bayanai ne a ciki, ba mutane ba. Matar ta dama mini fura da nonon kanti, ta yi kyau ƙwarai, ita ce abu na farko da ya zauna a cikina tun daga Zariya.

A hanyar Beltsville, tafiyar kusan awa guda a kan titi mai layi da yawa, bakina ya suɓuce na ba shi labari. Na zaci zai yi mini dariya. Sai ya rage sautin rediyo.

"Hajiya, ni na ga wanga abu a Maraɗi da idona," in ji shi. "Goge ba shi da hwari ba shi da baƙi. In an kira, ana amsawa."

Ya ƙara da cewa ya taɓa kai Uwani gidan tsohon, ya jiyo kiɗan daga waje, tsikar jikinsa ta tashi. Ya sauke mini akwati a ƙofar gidan, ya ce Allah shi tsare, na ce amin da ƙarfi.

Beltsville

Ɗakin Uwani yana hawa na biyu a wani dogon gini, maƙwabtanta 'yan Ghana da 'yan Habasha, barandar kullum tana ƙanshin miyar wani. Da ta shigo ta rungume ni, ni kuwa fuskarta nake bincike. Ta rame. Idonta ya faɗa. Ta ce aiki biyu take yi, wa zai yi ƙiba a ƙasar nan? Amsa ce mai kyau, amma uwata ma ramewa take yi in lokacinta ya kusa.

Na yi mata tuwon semo da miyar kuka, ta ci har tana lumshe ido. Tana wanke kwano sai ga gunjin nan ya fara fita daga bakinta, ba ta ma san tana yi ba. Kiɗa ne mai tsalle-tsalle, kamar tafiyar mai ɗingishi da yake cikin farin ciki. Na tsaya a bayanta riƙe da tawul ina jira. Ta kai ƙarshe, ta buga cokali a bakin tukunya sau uku. Na ce mata gobe zan bi ta wurin aiki. Ta yi murna, ta ce tsohon, Baba Donal, ya daɗe yana son ganina.

Bowie

Da safe muka shiga motarta, ƙasa da rabin awa muka isa Bowie. Unguwa ce ta gidaje masu ciyawa a gaba, kowane da motarsa, ba ka ganin mai tafiya a ƙasa. Tsohon yana zaune ne a gidan 'yarsa, wadda take auren wani baƙar fata ɗan ƙasar, dukansu sun fita aiki. Na shiga da addu'a a bakina da kwalbar man zaitun a jaka.

Na yi tsammanin mutum mai kwarjini. Sai na tarar da ɗan tsurut ɗin tsoho a kujera, bargo a gwiwa, bakinsa ya ɗan karkace saboda shanyewar ɓarin jiki. Ya yi ƙoƙarin miƙewa don ya gaishe ni, Uwani ta hana shi. Gogen yana kan tebur a gefensa, na katako mai sheƙi, tsirkiya huɗu, amma abin jansa izgar doki ce, irin tamu sak. Da na ga izgar nan sai na ja kujerata baya.

Na koyar da Turanci a firamare shekaru da yawa, amma Turancin tsohon nan sai da Uwani ta riƙa tsinto mini. Na tambaye shi asalin kiɗan. Ya ce irinsa honfaif suke ce masa, kiɗan rawa ne da ake yi da takalmi mai tauri, ƙafa tana buga katako. Ya ji manya suna cewa sunan ya samo asali daga wata tsohuwar sarewa mai ƙaho a baki, kuma irin kiɗan ya yi yawo tsakanin ƙasarsu da Ingila, har ma'aikatan jirgin ruwa sun yi rawarsa. Amma wannan nasa, ba wanda ya san wanda ya ƙirƙire shi. Ubansa ya koya daga wani maƙeri a ƙauyensu, don haka a gidansu kiɗan maƙeri ake ce masa. A gundumar da ke kusa da su sunan wata gada yake ɗauke da shi, don a gindinta wani makaho yake busa shi ranar kasuwa. Da shi Donal ya ƙetaro Amurka yana saurayi, abokansa suka koya a wurinsa, suka riƙa kiransa da sunan ubansa.

Ya ce a wurinsu in ka ja kiɗa, tambayar farko da za a yi maka ita ce daga wa ka samo shi, kuma sau da yawa amsar ita take zama sunan. Ba a yin ƙarya a wannan.

Sai ya zo kan Uwani. Ta fara jinyarsa tun yana iya jan goge kowace safiya. Da ciwon ya sake buge shi, ya farfaɗo a asibiti, ya nemi kiɗan ubansa a kansa ya rasa. Abokan da suka iya shi duk sun mutu. Ya ce ya yi kuka kamar yaro. Wata rana Uwani tana jera masa magani tana gunji, ya ji abin ya dawo masa daga bakinta, gaɓa bayan gaɓa. Wata da watanni tana rera masa yana lalube da yatsunsa har ya kama. Da ya ja shi a gaban mutane aka tambaye shi daga wa ya samo, ya faɗi gaskiya.

Labarin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba, amma ba shi na zo ji ba. Na tambaye shi wa kiɗan yake kira. Bai gane ba. Na ce in an ja shi, wa yake zuwa? Ya ce masu rawa. Na ce ba wanda yake faɗuwa? Ya yi dariya har da tari, ya ce sai wanda ya sha ya wuce kima. Dariyarsa ba ta kwantar mini da hankali ba, masu gogen uwata ma mutane ne masu fara'a.

Na gaya masa kai tsaye ina so a cire sunan. Ya dubi Uwani, ita ta dubi ƙasa. Ya ce abin ya riga ya fita daga hannunsa, wasu sun koya sun tafi da shi garuruwansu. Amma ranar Lahadi da rana makaɗa za su taru a Washington, in zo. Suna da kalma a harshensu ta kiɗan da ba shi da suna, in na ce haka nake so, zai faɗa a gaban kowa, a hankali sunan zai bi ruwa.

Muka koma Beltsville. Sai da muka hau bene ta ajiye makulli, sannan na ba ta labarin kakarta duka, har da maganar tsohuwar nan ta ranar jana'iza. Ta saurara har ƙarshe.

"Mama, na ji tsoronki, kuma ba zan ce ƙarya ne ba," in ji ta. "Amma Kaka ta mutu, a gidanmu ko sau ɗaya ban taɓa jin an ambace ta ba. A bakin Turawa na fara jin sunanta kullum. Yanzu nan ma za ki zo ki rufe?"

Na ce gara a rufe da in ga ta faɗi. Ta ce to, duk abin da na yanke ranar Lahadi ta yarda, in ma gida na ce mu koma za ta bi ni. Da ta yi gardama da ya fi mini sauƙi.

Washington

Ranar Lahadi muka yi sujada a wata majami'a da 'yan Filato da 'yan Kudancin Kaduna suka cika, aka yi waƙoƙin Hausa, ban ji ko ɗaya ba. Daga nan muka bar mota a tasha, muka shiga jirgin da ke nutsewa ƙarƙashin ƙasa, muka fito a tsakiyar birni. Uwani ta nuna mini wasu manyan gine-ginen gwamnati daga nesa, na ce na gani.

Wurin ɗakin baya ne na wani gidan abinci, rana tana shigowa ta taga. Ina shiga gabana ya faɗi. Makaɗan sun yi da'ira, sun bar fili a tsakiya. Masu goge sun fi yawa, ga mai sarewa, ga wani da faffaɗar ganga ta fatar akuya a kan cinyarsa. Ba mai waƙa, ba mai magana, wani ya fara sauran su bi. Ku da kuka tashi a ƙauye kun san inda na taɓa ganin irin wannan zaman. Na zaunar da Uwani kusa da ƙofa, na riƙe wuyan hannunta, ɗayan hannuna yana cikin jaka a kan kwalbar mai.

An yi kiɗe-kiɗe da dama kafin surukin Baba Donal ya turo shi a keken marasa lafiya cikin da'irar. Ya ɗora gogen a ƙarƙashin haɓarsa, ya ja. Na gane shi tun daga farko. Sauran suka shiga ɗaya bayan ɗaya, ganga ta kama, katakon ɗakin ya fara amsawa a tafin ƙafata.

Sai wata mata mai furfura ta miƙe ta shiga fili. Hannuwanta a manne da jikinta, fuskarta ba motsi, idonta a kafe wuri ɗaya, ƙafafunta kaɗai suke aiki, suna buga katako kamar ba nata ba ne. Na ce a raina shi ke nan, mai hawan ya sauka, daga kanta zai tsallako. Na ji hannun Uwani yana karkarwa a cikin nawa, na ƙara matsewa, na kasa juyawa in dubi idonta don kada in ga ya juye. Na fara addu'ar Ubangiji na manta tsakiyarta. Suka maimaita kashin farko, suka maimaita na biyu, suka sake komawa farko, ni ina jiran ƙarar da na sani tun ina yarinya.

Kiɗan ya ƙare da bugu uku, goge da ganga da takalmin matar a tare. Ta yi murmushi, ta koma kujerarta tana haki, ta ɗauki shayinta. Na juya. Uwani tana zaune daram, idonta nata ne, hawaye ne kawai a ciki. Ta ce a hankali, "Mama, kina ji mini ciwo." Na saki hannun, shatin yatsuna ya fito a fatarta.

Wata mai goge, baƙuwa daga wani gari, ta sunkuyo ta tambayi Baba Donal sunan kiɗan, da wanda ya samo shi a wurinsa. Ya nuna ni da izgar gogensa, ya ce a tambayi uwar. Duk ɗakin ya juyo.

Kalmarsu ta marar suna tana bakina, Uwani ta koya mini ita a jirgin ƙasa. Na dubi tsohon da ya rasa kiɗan ubansa ya same shi a bakin 'yata. Na dubi 'yata, ta sunkuyar da kai tana jiran hukunci. Na miƙe, ban san dalilin miƙewar ba. A gaban goge fiye da goma, a bakin da'ira, na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba tunda aka haife ni.

"Kande. Sunansa Kande."

Na tsaya ina jira. Na saurari bayana, na saurari ƙirjina. Ba abin da ya zo. Baƙuwar ta maimaita sunan a karkace, wani ya gyara mata shi ma a karkace, mai ganga ya tambaya ko a sake ja don ta kama. Na zauna. Uwani ta ɗora kanta a kafaɗata, aka sake ja, wannan karon ban riƙe ta ba.

Komowa gida

Na ƙara 'yan makonni a Beltsville ina yi mata girki, har kumatunta suka fara dawowa. Na koma Bowie na yi wa Baba Donal sallama, na kai masa dambun nama, ya ce haƙoransa sun gode. Malam Isuhu ne ya mayar da ni Dulles. Da na ba shi labari ya girgiza kai, ya ce Hajiya kin yi kasada, a ci gaba da addu'a dai. Na ce ana yi.

Na sauka Abuja, na bi jirgin ƙasa zuwa Kaduna, na shigo Wusasa da yamma, na tarar kajina sun ƙaru da 'yan tsaki. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa maƙwabciyata, da Malam Isuhu da matarsa mai fura, da ku matan zumunta da kuka yi mini addu'a ba ku san abin da kuke roƙa mini ba.

Ba zan ce muku tsoron ya tafi ba. Har yanzu in Uwani ta kira, muryarta nake fara saurara kafin maganarta. Shekaranjiya ina tsintar shinkafa a tsakar gida, ni kaɗai, sai na ji kiɗan yana fita daga maƙogwarona. Na tsaya cak, na waiwaya, ba kowa sai kaji. Na daɗe riƙe da tiren. Sannan na ɗauko shi daga farko, na kai shi har ƙarshe, na buga bakin tire sau uku, na kira sunan uwata. Ban faɗi ba, na ci gaba da tsintar shinkafata.